Yadda Cokalin Azurfa Ya Wahalad Da Barorin Ingila

Ku 'yan makaranta da kuka taɓa ganin cokula da butocin shayi suna walƙiya a teburin Turawa, kada ku zaci duka azurfa ce tsantsa. Da yawansu ruwan azurfa kaɗai aka sa musu.

Asalin abin kuwa, wajen shekarar 1743 wani maƙerin wuƙaƙe na birnin Shefil, ana ce da shi Thomas Boulsover, ya gane in an ɗora fallen azurfa bisa jan ƙarfe aka sa wuta, sai su manne, a daddaɓe su tamkar ƙarfe guda. A 1840 kuma su Elkington na Bamingam suka sami iznin hukuma na yin wannan aiki da lantarki. Nan fa kaya suka yi araha, har akawu da ɗan tireda suka mallaki abin da a da sai masu sarauta.

Amma azurfa tana da abokin gaba, shi ne farar wuta. Ko kaɗan ta shiga iska, sai ta haɗu da azurfa ta zama baƙin dattin nan. Ƙwai ma yana ɗauke da ita, shi ya sa cokalin cin ƙwai ke saurin baƙi. Biranen Ingila na wancan zamani kuwa sun turnuƙe da hayaƙin kwal, mai farar wuta tuli. Saboda haka barori kan yini suna goge kaya da garin alli da tsumma.

To, ga inda gizo ke saƙar. Baƙin nan ba daga waje ya zo ya zauna ba, jikin azurfar ne ya sāke. Kowace guga tana tafiya da ita, ga ta ba ta kai kaurin takarda ba. Bara mai himma ya fi malalaci ɓarna: shekara kaɗan sai jan ƙarfen Shefil ya leƙo ta gefen faranti.

Magani mai sauƙi bai samu ba sai bayan 1886, da alminiyam ya yi araha. A zuba ruwan zafi cikin tukunyar alminiyam, a sa soda, 'yar'uwar kanwarmu, a tsoma cokali ya taɓa jikin tukunyar. Farar wutar sai ta rabu da azurfar, ka ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, cokali kuwa ya fito fari ba a kankare masa kome ba.