Diyyar Ma'aikaci: Tarihin Wa'adi Da Hukuncin Sake Ƙara

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu da ke sana'ar dako a Titin Ibrahim Taiwo, Fagge, cikin Kano, ya rubuto yana cewa ƙanensa ya baro ƙauye cin rani, ya samu aiki a wani kamfani, inji ya datse masa yatsu uku. Sai bayan shekara biyu suka nemi diyya, aka ce musu lokaci ya wuce. Yana so ya san asalin wannan wa'adi, kuma in kotu ta kori ƙara, ko ana iya sake shigar da ita?

AMSA: To madalla, mun gode malam, Allah ya ba ƙanen naka lafiya. Ita dai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, daga Turai ta faro. Jamus ce ta soma kafa inshorar haɗarin aiki a 1884, zamanin Bismarck. Ingila ta yi tata dokar a 1897, ta ce ba sai ma'aikaci ya tabbatar da laifin maigidansa ba, muddin a bakin aiki ya ji ciwon. Amma ta gindaya sharaɗi, wato ya nemi haƙƙinsa cikin wata shida.

Turawan mulkin mallaka suka kawo irin wannan doka Nijeriya a 1941. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta sake ta da Dokar Soja mai lamba 17. A ƙarƙashinta, wanda ya mutu a bakin aiki ana ba iyalinsa albashinsa na wata 42, wanda ya nakasa har ba zai ƙara iya aiki ba kuwa, albashin wata 54. Wa'adin nan na wata shida dai bai gusa ba, sai in mutum ya nuna kuskure ne ko wani uzuri mai ƙarfi ya hana shi.

To, me ya sa ake ɗibar wa'adi? Dalili shi ne magana in ta daɗe, shaida kan lalace. Abokan aikin da suka ga abin sun watse, katin asibiti ya ɓace, ciwo ya warke har likita ba zai iya cewa ga mafarinsa ba. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Manoma sun san hauzi a shari'ar Malikiyya: wanda ya zuba ido wani bare yana noma gonarsa shekara goma, yana gari, babu abin da ya hana shi magana, to alƙali ba zai saurare shi ba daga baya.

Sai batun sake ƙara. Dokar 1987 ta buɗe wa ma'aikaci hanya biyu. Ko dai ya nemi diyyar da doka ta ƙayyade, ko kuma, in sakacin maigida ne ya jawo haɗarin, ya kai shi kotu ya nemi abin da ya fi haka. Amma da zarar an yanke hukunci a hanya ɗaya, ko ya ci ko ya faɗi, ɗayar ta toshe. Haka ma in suka sasanta a rubuce. Sai dai dokar ta kare wanda bai iya karatu ba: takardar sulhu ba ta ɗaure shi sai jami'in ƙwadago ya shaida cewa ya karanta masa, ya kuma fassara masa abin da ke ciki.

A watan Disamba na 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar doka, wadda ita ake aiki da ita yanzu. Kowane mai ɗaukar ma'aikata zai riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimlar albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, ita kuma hukumar ce mai biyan diyya. Dokar ta haɗa har da lebura mai aikin wucin gadi da ɗan koyon sana'a. Ga wa'adodinta, a riƙe su da kyau: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da maigida cikin kwana 14. Maigida ya kai rahoto cikin kwana 7. A shigar da takardar neman diyya cikin shekara ɗaya. In akwai uzuri na musamman da hukumar ta gamsu da shi, tana iya karɓa har zuwa shekara uku. Wanda bai yarda da hukuncin hukumar ba, yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2011 ya damƙa wa shari'un ƙwadago, tana kuma da reshe a Kano.

A kotu, korar ƙara iri biyu ce. In an cire ta ne kawai don an kai ta kotun da ba ta da hurumi, ko mai ƙara bai halarta ba, ana iya sake shigar da ita, matuƙar da sauran lokaci. Amma in alƙali ya ji shaidu ya yanke, ko ya ce wa'adi ya cika, to babu sake ta a wata kotun, sai dai ɗaukaka ƙara.

Saboda haka malam, shekara biyu ba ta kai uku ba. Ku tattara takardun asibiti da shaidar aiki, ku nufi ofishin NSITF na Kano, ku bayyana abin da ya tsai da ku. Karɓar uzurin tana hannunsu, amma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Kada kuma ya dangwala yatsa a wata takarda sai wanda kuka amince da shi ya karanta muku ita. Da fatan an gamsu.