Alƙalamin Ɗura: Nazari a Kan Riƙonsa da Kula da Shi

Abin da muke nufi da alƙalamin ɗura shi ne wanda ke riƙe da tawada mai ruwa-ruwa a cikinsa, yana sako ta kaɗan-kaɗan ta bakin ƙarfe, ba sai an tsoma shi a gidan tawada ba. Nan ya sha bamban da alƙalamin kara na makarantar allo, da kuma biro mai tawada mai kauri. Buƙatarsa daɗaɗɗiya ce, domin Alƙali Nu'uman ya ruwaito cewa a ƙarni na 10 halifan Fatimiyawa, Al-Mu'izz, ya sa an ƙera masa alƙalamin da ba ya ɓata hannu ko tufa. Sai dai siffar da muka sani yau ta kankama ne bayan Lewis Waterman ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1884.

Sassansa huɗu ne. Akwai baki, wato ƙarfen da ke taɓa takarda, mai tsaga a tsakiya da ɗigon ƙarfe mai tauri a tsininsa. Akwai maƙogwaro, baƙar robar da ke kwance ƙarƙashin baki, wadda aka yanka wa hanyoyi sirara kamar gashi. Akwai tumbi, ma'ajin tawada, wanda kan zo a matsayin kwanson da ake yarwa idan ya ƙare, ko ɗan famfon da ake murɗawa ya zuƙo daga kwalba. Na huɗu shi ne murfi. Tawada tana bin hanyoyin maƙogwaro ne kamar yadda kananzir ke hawa lagwanin fitila, kuma duk ɗigon da ya fita sai iska daidai shi ta shiga tumbi. A kan wannan musaya ta tawada da iska alƙalamin yake rayuwa.

Saboda haka kuskuren farko na wanda ya saba da biro shi ne dannawa. Wannan alƙalami ba ya son ƙarfi. A karkace ake riƙe shi, tsagar baki tana duban sama, nauyinsa kawai ya isa ya fitar da layi. Dannawa tana buɗe tsagar, har baki ya rabu da maƙogwaro, tawada ta yanke.

Kula da shi kuwa ta kasu kashi uku. Na farko zaɓen tawada. Tawadar allo da ake haɗawa da gawayi da ƙaro, duk kyanta, ba ta dace da shi ba, domin ƙaro yana daskarewa a cikin hanyoyin ya toshe su. Sai tawadar da aka yi musamman dominsa. Na biyu wanki: bayan 'yan makonni, ko idan za a sauya launi, a zuƙa ruwan sanyi a fesar har ya fito fari tas, sannan a jingine baki a kan tsumma ya tsane. Ruwan zafi yana iya lanƙwasa robar. Na uku ajiya. A lokacin hunturu tawada kan bushe a baki cikin ɗan lokaci, don haka a mayar da murfi da zarar an dakata. A aljihu kuwa baki sama ake sa shi, domin zafin jiki da na rana suna kumbura iskar tumbi ta turo tawada waje. Wanda ya taɓa ganin shuɗin tabo a ƙirjin farar riga ranar Juma'a ba ya buƙatar a maimaita masa wannan darasi.