Nahawun Panini a Hannun Masanan Zamani

Panini mutumin Shalatura ne a ƙasar Gandara, wadda yanzu ke cikin Pakistan, kuma galibin masana sun ajiye zamaninsa wajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafinsa Ashtadhyayi, watau mai babi takwas, ya ƙulle nahawun Sanskrit cikin ƙa'idodi kusan 4,000, gajeru ƙwarai, gama don hadda aka tsara su. Matani irin wannan ba ya karantuwa sai da sharhi, babban sharhinsa kuwa shi ne Mahabhashya na Patanjali.

Otto Böhtlingk ya buga matanin a Jamus cikin 1839 da 1840, ya sake fitar da shi da fassarar Jamusanci a 1887. Amma ba kowa ya yarda da malaman Indiya ba. A 1884 Whitney na Amurka ya kushe su, hujjarsa ita ce fiye da rabin saiwoyin fi'ili da suka jera ba a same su cikin wani littafi ba. Lalle ya yi gaggawa, domin rashin ganin kalma a rubuce bai nuna ba a taɓa faɗinta ba. Kielhorn, wanda ya zauna da malaman Pune, shi ya tace Mahabhashya tsakanin 1880 da 1885.

Binciken da ya fi girgiza fannin shi ne na Paul Kiparsky a 1979. Inda ƙa'ida ta ba da zaɓi, Panini yakan kawo ɗaya daga kalmomi uku: va, vibhasha, anyatarasyam. Shekara dubu biyu masu sharhi suna ɗaukarsu ma'ana ɗaya. Kiparsky ya gwada su da yadda Panini kansa ke sarrafa harshen cikin ƙa'idodinsa, sai ya ga ta farko tana nufin an fi son haka, ta biyu an fi son barinsa, ta uku duk ɗaya ne. Ashe ke nan Panini ya auna bambancin maganar mutane, kuma wannan sani ya ɓace tun kafin Patanjali.

A 2022 Rishi Rajpopat na Jami'ar Kambirij ya bi wannan sawu. Ya ce in ƙa'idodi biyu suka yi karo, wadda ta shafi ɓangaren dama na kalma ke rinjaye, ba wadda ta zo daga baya a littafin ba. Waɗansu masana sun karɓa, waɗansu sun ja da shi.