Maganar Giwaye: Tarihin Gano Muryar da Kunnen Mutum Ba Ya Ji

Manyan muryoyin giwa iri biyu ne. Akwai kukan nan mai tsini da take yi ta hanci idan ta fusata ko ta razana, wanda kowa ya sani. Akwai kuma gurnani mai zurfi da ke fitowa daga maƙogwaro, kuma da shi ne giwaye suke yawancin hulɗarsu: uwa ta kira ɗanta, uwar garke ta ce a tashi, mace ta sanar da maza cewa lokacin barbara ya yi. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da kaɗawarsa ta gaza sau 20 a daƙiƙa, gurnanin giwa kuwa yakan sauka har 14. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da tamburan fadar Zazzau ya san yadda kiɗa kan daki ƙirji. Haka na kusa da giwa yake jin wannan gurnani, a jiki.

An daɗe ana ɗaukar ɗan abin da ake ji daga ciki a matsayin ƙugin ciki kawai. A 1984 ne Katy Payne, wadda ta yi shekaru tana nazarin waƙar manyan kifayen teku, ta ji iska tana rawa a kusa da giwaye a gidan namun daji na Portland a Amurka. Ta koma da na'urar ɗaukar sauti, ta ƙara wa faifan sauri, sai ga muryoyi cike da wurin da ake zaton shiru ne. An buga sakamakon a 1986. Bayan shekara biyu ita da Joyce Poole da Cynthia Moss suka tabbatar da haka a kan giwayen dawa na Amboseli a Kenya.

Wannan ya warware abin da ya daɗe yana ɗaure wa masu bin giwaye kai, wato yadda garke biyu da ba sa ganin juna suke juyawa lokaci guda su nufi ruwa ɗaya. Sauti mai zurfi yana ratsa kurmi da ciyawa ba tare da ya mutu da wuri ba. Gwajin da aka yi da lasifika a Etosha ta Namibiya ya nuna kiran yana kai kilomita 4, masana yanayi kuma suka ƙiyasta cewa da almuru, idan iskar ƙasa ta huce, yana iya kai 10. A can Etosha ɗin Caitlin O'Connell ta lura giwaye kan tsaya cik su danna ƙafafun gaba a ƙasa, ta kuma nuna cewa gurnanin yana bin ƙasa, su kuwa suna karɓarsa ta tafin ƙafa.

Abin da ya fi ban mamaki ya zo daga baya. Karen McComb ta gano cewa giwa mace tana gane muryoyin 'yan'uwanta kusan 100, kuma garken da tsohuwa ke jagoranta ya fi iya bambance baƙo da na gida. A 2014 ta nuna giwayen Amboseli suna tsorata da muryar namijin ƙabilar Masai, mai riƙe mashi, fiye da ta manomin ƙabilar Kamba, ko da magana ɗaya aka sa su faɗa. A 2024 Michael Pardo da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa giwaye suna kiran juna da wani abu mai kama da suna. Hujjar tana da ƙarfi, amma masu cewa giwaye suna da harshe irin namu sun yi gaggawa.

Duk wannan aiki a gabashi da kudancin Afirka aka fi yin sa. A ƙasar Hausa an fi sanin giwa a kirarin sarakuna da tatsuniya da cinikin haure. Matafiyin nan Heinrich Barth ya tarar da haure cikin hajar Kano a 1851. Bazazzagin da ke son ganin garke a yau sai ya nufi Yankari a Jihar Bauchi, gandun da aka keɓe a 1956, inda giwaye kimanin 100 suke zagayen kogin Gaji, suna kuma fita su yi ɓarna a gonakin ƙauyukan gefe. A nan ne ilimin zai iya amfanar manomi. A 2007 Lucy King ta kunna wa giwayen Samburu a Kenya ƙarar kudan zuma da aka tsokana, yawancinsu suka bar inuwar da suke ciki suna girgiza kai, daga baya ma aka gano suna da gurnani na musamman na gargaɗin juna game da zuma. Daga nan manoman Kenya suka fara kewaye gonaki da amya da aka rataye a jikin waya ɗaya, ta yadda giwa tana taɓa wayar sai amyar ta motsa, zumar ta fito.