Tafkin da Ke Rataye a Bisa Itace

A dazuzzukan kudancin Birazil akwai wasu tsirrai 'yan uwan abarba, waɗanda masana ke kira bromeliyad. Da yawansu kan tsiro ne a jikin rassan manyan itatuwa, ganyayensu kuwa a murɗe suke kamar mazurari, har ruwan sama ya taru a tsakiyarsu ya daɗe bai ƙafe ba. Ganye ya faɗa ciki ya ruɓe, ƙwari su yi ƙwai, kwaɗi su ɓuya. Ta haka kowane tsiro ke zama ɗan ƙaramin tafki.

Cikin waɗanda suka fara leƙa wannan ruwa da idon bincike akwai Fritz Müller, Bajamushen da ya yi ƙaura zuwa Blumenau, a yankin Santa Catarina, a shekarar 1852. Masanin halittu ne da ya daɗe yana musayar wasiƙu da Charles Darwin. A 1880 ya bayyana wata halitta da ya samo cikin ruwan bromeliyad, ya raɗa mata suna Elpidium bromeliarum. Dangin jatan lande da kaguwa ce, girmanta bai wuce kimanin milimita ɗaya ba, jikinta kuma a rufe yake cikin ɓawo mai ɓari biyu. Yawancin danginta na nesa a teku suke zaune, ita kuwa ga ta a ƙwanƙolin itace.

Daga nan tambaya ta taso. Wannan halitta ba ta da fukafukai, ba ta jure bushewa, kuma tsiron da take ciki yakan mutu. To, yaya take isa sabon tsiro? Clodomiro Picado na ƙasar Kosta Rika ya faɗaɗa nazarin mazauna wannan ruwa a 1913, Ludwig Varga kuma ya ƙirƙiro wa irin waɗannan tafkuna sunan fitotelma a 1928, amma gamsasshiyar amsa ba ta samu ba.

Kafin ta samu, gidan halittar ya shiga haɗari. An gano cewa wani nau'in sauro mai yaɗa zazzaɓin maleriya yana hayayyafa cikin ruwan nan. Daga shekarun 1940 hukumomin lafiya a Santa Catarina suka shiga tsige bromeliyad da sare dazuzzukan da ke kewaye da garuruwa, har da Blumenau ta Müller. Ceton rayukan mutane ne manufar, sai dai kowane tsiro da aka jefar ya tafi da dukan mazaunansa, masu cutarwa da waɗanda ba ruwansu.

Sai a 1999 Luiz Lopez da abokan aikinsa a Birazil suka nuna cewa Elpidium kan maƙale a fatar kwaɗi, har ma da macizai, su ɗauke ta daga wannan tsiro zuwa wancan. Shekara 119 ke nan bayan rubutun Müller.

Wannan amsa ta sauya lissafin kiyaye muhalli. Barin tsiron a raye kaɗai bai wadatar ba, domin idan kwaɗin suka ƙare a wani daji, babbar hanyar tafiya ta yanke, Elpidium da ke cikin tafkunan kuma za su iya mutuwa tare da tsiron da ya riƙe su.