TARIHIN KOYAR DA LISSAFI TA HANYAR ZANE A MAKARANTUN FIRAMARE



Gabatarwa

Abin da za mu tattauna a kai yau shi ne tarihin wata hanya ta koyar da ƙananan yara lissafi, watau hanyar da ake sa yaro ya zana tambayar da aka yi masa, ya gan ta da idonsa, kafin ya taɓa alamar tarawa ko ta ɗebewa ko ta sau ko ta rabawa. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa malamin Hausa da lissafi. Amsa ita ce, galibin tambayoyin da ke kayar da yara a jarrabawa cikin labari ake ba da su, kuma yaro yakan faɗi ne tun a wajen gane abin da labarin yake nufi, tun bai kai ga ƙirga kome ba. Ashe ke nan matsalar ta shafi harshe kamar yadda ta shafi lamba. Za mu bi asalin wannan hanya, sa'an nan mu gwada gyare-gyare biyu da aka yi wa manhajar lissafi a ƙarni na 20, ɗaya ya rushe, ɗaya ya tsaya, domin mu ga abin da ya bambanta su.

Asalin Al'amarin

Warware lissafi da zane ya girmi alamomin da muke rubutawa a allo a yau. Wajen shekara ta 820, a Bagadaza, zamanin Halifa Ma'amun, Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya rubuta littafin da aka samo sunan aljabra daga gare shi. Babu alamar daidai ko harafi mai wakiltar lamba a cikinsa, da magana da zane ya yi aikinsa duka. Ɗaya daga cikin misalansa shi ne neman lambar da idan aka ninka ta da kanta, aka ƙara mata ninkinta goma, za a sami 39. Sai ya zana fili murabba'i wanda ba a san tsawon gefensa ba, ya jingina masa filaye biyu a gefe biyu, kowane mai faɗin 5. Waɗannan filaye uku a haɗe su ne 39. Mai duban zanen zai ga saura kusurwa ɗaya a buɗe, 5 sau 5, watau 25. Da an cike ta sai a sami babban murabba'i mai 64, wanda gefensa 8 ne. A ɗebe 5, saura 3, ita ce lambar da ake nema.

Shigar wannan tunani cikin ajin ƙananan yara kuwa, yawanci ana danganta ta ga Johann Pestalozzi, mutumin Siwizalan, wanda ya rayu daga 1746 zuwa 1827. A zamaninsa hadda ce kan gaba, yaro ya rera jadawalin sau ba tare da ya san abin da bakwai sau takwas ke nufi ba. Pestalozzi ya nace a kan cewa lalle yaro ya fara da abin da zai gani ya taɓa, kamar wake ko tsakuwa, daga nan ya koma ga layukan da aka zana a allo, sa'an nan a nuna masa lambar. Wasu sun bi sawunsa da kayan aiki iri iri. Alal misali, a 1952 wani malamin firamare a Beljiyam, Georges Cuisenaire, ya bayyana 'yan sandunansa masu launi, waɗanda tsawonsu ya kama daga santimita 1 zuwa 10, domin yaro ya jera sandar uku da ta huɗu ya ga sun yi daidai da ta bakwai.

Malamai Biyu na Ƙarni na 20

Akwai malamai biyu da ba za a fahimci abin da ya biyo baya ba sai an ambace su. Na farko shi ne George Polya, haifaffen Hungari, wanda ya koyar a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 1945 ya buga wani ɗan littafi game da yadda ake warware matsalar lissafi, inda ya kasa aikin mataki huɗu: a fahimci tambayar, a tsara dabara, a aiwatar da dabarar, sa'an nan a waiwaya a duba ko amsar ta yi ma'ana. Cikin shawarwarin da ya bayar a matakin farko har da zana hoton matsalar.

Na biyu shi ne Jerome Bruner, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Harvard. A wani littafi nasa na 1966 ya yi bayanin cewa ta hanya uku mutum yake riƙe ilmi: ta aiki da hannu, ta hoto, da kuma ta alama. Yaron da ya raba dabino goma sha biyu ga abokansa uku ya san rabawa da hannunsa. In ya zana da'ira uku ya zuba ɗigo huɗu huɗu a ciki, ya san ta a hoto. In ya rubuta 12 ÷ 3 = 4, ya san ta a alama. Gargaɗin Bruner shi ne, yaron da aka tsallakar da shi kai tsaye zuwa alama yana iya cin jarrabawar yau, amma ranar da ƙa'idar ta kuɓuce masa ba shi da wani abin da zai koma ya dafa.

Sabon Lissafi da Yadda Ya Ƙare

Ran 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi, aka ɗora laifin a kan makarantu, aka zuba kuɗi domin sake manhajar kimiyya da lissafi. A 1958 aka kafa wani babban kwamitin masana a ƙarƙashin Edward Begle na Jami'ar Yale, kuma daga irin wannan aiki ne aka sami abin da aka kira sabon lissafi. Manufarsa ita ce yaro ya fahimci ginin lissafi kamar yadda masana suke ganinsa. Don haka aka shigo da ilmin rukunin abubuwa tun daga ajin farko, da ƙirga bisa tushe biyu ko biyar maimakon goma, da ɗimbin sababbin kalmomi.

Guguwar ta iso Afirka a 1962, lokacin da aka fara taron marubuta littattafan lissafi a Entebbe ta ƙasar Yuganda, da taimakon kuɗi daga Amurka. 'Yan Nijeriya sun shiga aikin, cikinsu har da Grace Alele-Williams, wadda ta jagoranci gwajinsa a wasu makarantun Legas. Daga baya aka yaɗa shi zuwa sauran jihohi. To, amma malaman da za su koyar da shi yawancinsu ba su taɓa karanta shi ba, littattafai ba su wadata ba, iyaye kuma suka kasa taimakon 'ya'yansu da aikin gida. Ana cikin haka sai aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa a watan Satumba na 1976, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi tsammani, har aka riƙa ɗaukar malamai masu gajeren horo. A watan Janairu na 1977, a wani taro a birnin Binin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke sabon lissafi a makarantun firamare. A Amurka ma kafin wannan lokaci an riga an juya masa baya.

Ya kamata a yi wa sabon lissafi adalci. Masu shi fahimta suka nema, kuma littattafansu cike suke da zane. Sai dai zanen nasu na bayyana ra'ayoyin masana ne, bai taimaki yaro wajen warware tambayar da ke gabansa ba. Bugu da ƙari, an rubuta littafi kafin a shirya malami.

Abin da Singafo Ta Yi

Singafo tsibiri ne ƙarami a kudu maso gabashin Asiya, wanda ya rabu da Maleshiya ya zama ƙasa mai cin gashin kanta a 1965. Mutanenta a lokacin ba su kai miliyan 2 ba, ba ta da ma'adinai, har ruwan sha sayowa take yi daga maƙwabciyarta. Littattafan lissafinta daga waje ake kawo su. A 1979 wani rahoto da Mataimakin Firayim Minista Goh Keng Swee ya jagoranta ya nuna cewa yara masu yawa suna barin makaranta ba su ƙware a karatu ba. A 1980 Ma'aikatar Ilmi ta kafa cibiyar tsara manhaja, aka ɗora wa wani rukunin malamai a ƙarƙashin Dokta Kho Tek Hong aikin rubuta littattafan lissafin firamare. Na farkonsu sun fito a 1982, bisa tsarin nan na Bruner: abu a hannu, sa'an nan hoto, sa'an nan alama. A 1983 suka shigo da dabarar da ta fi yin suna, watau zanen sanda.

Ga misalin yadda take aiki. Wata mata ta tafi kasuwa, ta kashe kashi biyu cikin biyar na kuɗinta wajen sayen hatsi, ta kashe sulusin abin da ya rage wajen sayen mai, ta komo gida da naira 6,000. Nawa ta fita da shi? Yaron da aka saba masa da hadda zai tsaya yana neman wace ƙa'ida ce ta dace. Wanda aka koya wa zane kuwa zai zana sanda ɗaya mai gaɓa biyar, kamar karan rake. Ya soke gaɓa biyu na hatsi, saura uku. Sulusin uku gaɓa ɗaya ce, ya soke ta ta mai, saura biyu. Gaɓa biyun nan su ne naira 6,000, ke nan kowace gaɓa 3,000 ce, biyar ɗin kuma 15,000. Yaro ɗan aji biyar ya warware abin da a da sai an jira shi ya koyi aljabra a sakandare. Gaɓar nan da bai san ƙimarta ba, ita ce za ta zama harafi in ya girma, don haka aljabra ba za ta zo masa baƙuwa ba.

A 1990 ƙasar ta sake manhajarta, ta mai da warware matsala ginshiƙin darasin lissafi duka, bisa tafarkin Polya. An kuma taƙaita yawan batutuwan kowace shekara domin a zauna a kan kowane har yaro ya ƙware. Wani abin lura shi ne, cibiya ɗaya ce ke horar da malaman makarantun gwamnati, saboda haka abin da ke cikin littafi shi malami ya koya, shi kuma ake tambaya a jarrabawa.

A 1995 aka yi wani gwajin lissafi da kimiyya na ƙasashen duniya, wanda ake kira TIMSS, ƙasashe fiye da 40 suka shiga. Yaran Singafo suka zo na ɗaya a lissafi, a aji huɗu na firamare da kuma aji biyu na sakandare. Haka suka sake yi a 2003, 2015, 2019 da 2023. Amurka, wadda malamanta suka samar da tushen hanyar, ta koma tana sayen littattafan, har Jihar Kalifoniya ta amince da su a makarantunta a 2007.

Duk da haka, kuskure ne a jingina wannan nasara ga zanen sanda shi kaɗai. Singafo birni guda ne, mai sauƙin kulawa, malamanta suna samun albashi mai kyau, iyaye kuma suna kashe kuɗi mai yawa a kan darasin bayan makaranta, har 'yan ƙasar da kansu suna kokawa da nauyin jarrabawa a kan yara. Ƙasar da ta ɗauki littafin ta bar horon malamai, abin da ya sami sabon lissafi shi zai same ta.

Kammalawa

Akwai wuri ɗaya da halinmu ya yi kama da na Singafo ta wancan lokaci. Yaranta da yawa da Sinanci ko Malayanci ko Tamilanci suke magana a gida, amma da Ingilishi suke gamuwa da tambayar lissafi. Haka yaron Kano ko Sakkwato yake gamuwa da ita da Ingilishi, na Maraɗi ko Damagaram kuma da Faransanci. Zane yana ba malami damar ya ga ko yaro ya gane labarin, domin wanda bai gane ba ba zai iya zana shi daidai ba, kuma a nan take za a ga inda ya kauce. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kayan aikin ma ba su da tsada: tsakuwa, ƙwallon dabino, murafun kwalba, kara, da alli.

Abin da ke da tsada shi ne malamin da ya san dalilin kowane mataki. Saboda haka kira na farko ga ma'aikatan Ma'aikatar Ilmi ne, da kada a sake kawo wata manhaja makarantu sai an fara koyar da ita a kwalejojin horon malamai, an gwada ta a 'yan makarantu kaɗan, an kuma daidaita jarrabawa da ita. Kira na biyu ga ɗaliban harshe ne, da su haɗa kai da malaman lissafi a tsara tambayoyi cikin Hausa mai kyau, a kuma daidaita kalmomin da ake bukata, tun da muna da rabi da sulusi da rubu'i da humusi da ushiri a bakin mutane tun kafin zuwan boko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya tsani lissafi a aji uku da wuya a same shi a ajin injiniya ko na likita.