Ba a Tambayar Yunwa Ranar Farko

Kwanaki wata 'yar jami'a ta zo mini da wayarta a hannu, ta ce, "Baba, minti nawa ya kamata hira da tsoho ta ɗauka?" Dariya na yi. Mu 'yan zamanin kaset da kwana muke lissafi.

Malamin da ya koya mini aikin hira da tsofaffi, Allah ya jiƙansa, ba ya yarda a fito da rikoda ranar farko. Gaisuwa ce kawai, da goro, da zancen damina. Yunwa abin kunya ce, magidancin da rumbunsa ya ƙare har ya sayar da garmarsa ba zai buɗe wa baƙo cikinsa ba. Shekara ma ba a tambayarta da lamba. Ka ce 1914, a yi maka kallon baƙo. Ka ce Kakalaba, tsoho ya gyara zama. Da ita da 'Yar Buhu ta 1927 da 'Yar Gusau ta 1942 ake lissafin haihuwa da aure. Mutanen Nijar ma El-Buhari suka raɗa wa ta 1984, saboda rufe iyakar da aka yi a shekarar.

Da muka bi ƙauyukan Daura muna ɗaukar labarin farin 1973, maza sukan ba mu kuɗin tiya da yawan shanun da suka mutu. Ainihin labarin yana wurin mata. Wata tsohuwa sai a rana ta uku ta faɗi yadda ake jiƙa anza kwanaki, ana sauya ruwa don ɗacin ya fita, da yadda suka tona gidan tururuwa suna neman hatsi. Can ta yi shiru tana lanƙwasa yatsu. Batir tsada yake, da biro ma muke mayar da kaset baya, don haka na kai hannu zan kashe. Malam ya riƙe ni. Ashe 'ya'yanta take ƙirgawa.

Rabin kaset ɗin nan yoyon sito ya cinye su, ba wanda ya damu, har na yi ritaya. Yanzu kuma yara na yanko hawayen tsohuwa, su ɗora kiɗa, su sa a Facebook.

Na ce wa yarinyar ta bar wayar a jaka har kwana uku, amma ta tashi gobe. Matan da ke goyo a 1973 yawancinsu sun haura saba'in.